Walƙiyar gama ta ranar 15 ga Nuwamba, 2023: shin hujjar da ke nuna magneta a M82 ta isa?

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar ilimin sararin samaniya. Ina so mu tattauna a kan walƙiyar da masana suka sanya wa suna GRB 231115A. Ranar 15 ga Nuwamba, 2023, da misalin ƙarfe 4:36 na yamma agogon Najeriya da Nijar, na'urar hangen nesa ta Integral, wadda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba a 2002, ta kama wata walƙiya ta hasken gama. Wannan shi ne haske mafi ƙarfin kuzari, ido ba ya ganinsa, kuma iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi kafin ya iso ƙasa, shi ya sa sai daga sama ake iya kama shi. Walƙiyar ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 10 na sakan ba. Bayan sakan 13 kacal, kwamfutar cibiyar Integral da ke Suwizalan ta aika wa masana a ko'ina cikin duniya bayanin inda hasken ya fito, sai ga shi wurin ya faɗa daidai kan gungun taurarin nan da ake kira M82, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 12 daga gare mu.

A watan Afrilu na 2024, tawagar masana ƙarƙashin Sandro Mereghetti na cibiyar binciken taurari ta Italiya ta wallafa sakamakonta a mujallar Nature, inda ta yanke cewa walƙiyar babbar fashewa ce daga magneta, wato tauraron nutiron (dunƙulallen ragowar babban tauraron da ya fashe) mai tsananin maganaɗisu, da ke cikin M82. Ni dai na gamsu da wannan hukunci, amma ina so in ji ta bakinku, musamman masu ja da shi.

Musa Ɗalibi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin manya su shiga ciki, ina neman ƙarin haske. Abin da muka karanta shi ne gajerun walƙiyoyin gama, waɗanda ba su kai sakan 2 ba, suna fitowa ne daga karon taurarin nutiron guda biyu. To me ya hana a ce wannan ma hakan ce?

Malam Sanusi:
Tambayarka ita ce ƙashin bayan maganar, Musa. Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma an tabbatar da shi ranar 17 ga Agusta, 2017, lokacin da na'urorin LIGO da Virgo, waɗanda ke nan ƙasa, suka ji girgizar sararin samaniya daga karon taurarin nutiron biyu a gungun NGC 4993, sannan bayan sakan 1.7 na'urorin Fermi da ita Integral ɗin suka ga walƙiyar gama daga wuri ɗaya. Bayan sa'o'i kusan 11, wata na'ura mai madubi na mita 1 a ƙasar Chile ta hango hasken ɓaraguzan karon.

Sai ka lura da nisa. NGC 4993 yana nisan shekarar haske miliyan 130, M82 kuwa miliyan 12, wato ya fi kusa da fiye da ninki 10. Tunda haske yana raguwa ne gwargwadon nisa a ninka da kansa, irin wancan karo a cikin M82 zai fi na 2017 haske da fiye da ninki 100, har masu ƙananan na'urori a gidajensu za su iya kama shi, girgizarsa kuwa ba yadda za a yi ta wuce LIGO, wadda take bakin aiki a lokacin. An juya na'urar XMM-Newton mai ganin hasken eksire zuwa M82, ba ta ga komai ba sai iskar gas mai zafi da taurarin da aka riga aka sani. Na'urorin ƙasa, ciki har da ta Italiya mai suna Galileo da ke tsibirin La Palma da wata a kudancin Faransa, su ma ba su ga sabon haske ba. LIGO ma shiru kake ji.

Malama Rabi:
Malam Sanusi, Allah ya ƙara sani. Na yarda ɗari bisa ɗari cewa ba karon taurari aka yi a cikin M82 ba, lissafinka ya rufe wannan ƙofa. Amma akwai wata ƙofa da ba ka taɓa ba, kuma ita ce ta dame ni. Na'urar Integral ta auna ɓangaren da hasken ya fito ne kawai, ba ta auna nisansa ba. Mutumin da ke tsaye a bakin gari da dare, idan ya hango ɗigon wuta ta saitin wata rugar da ya sani, ba shi da tabbacin ko fitilar aci-balbal ce a rugar ko kuwa gobarar daji ce can nesa a bayanta. Me zai hana walƙiyar ta kasance karon taurarin nutiron ne a wani gungu mai nisan biliyoyin shekarun haske, wanda kawai ya dace yana bayan M82 a layin ganinmu? A irin wannan nisa LIGO ba za ta ji komai ba, hasken ɓaraguzan ma ba zai ganu ba. Ke nan duk shirun da aka lissafa ya yi daidai da wannan bayani kamar yadda ya yi daidai da na magneta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, mafi yawan hujjar an gina ta ne a kan abubuwan da ba a gani ba, alhali kuwa marubutan sun yi magana da harshen tabbaci.

Injiniya Bashir:
Yaya Rabi, bari in fara da batun auna wuri, domin daga nan ƙarfin hujjar yake tasowa. Hasken gama ba ya lanƙwasuwa da madubi irin yadda haske na yau da kullum yake yi, yana ratsa madubin ne ya wuce. Saboda haka na'urar IBIS da ke jikin Integral tana da wani faifai na ƙarfen tangistin mai ramuka da aka jera bisa tsari na musamman, an kafa shi kimanin mita 3 a saman allon da ke kama hasken. Idan walƙiya ta zo, faifan yana jefa inuwarsa a kan allon, kuma daga yadda inuwar ta karkata kwamfuta take gano ɓangaren da hasken ya fito. Da wannan dabara aka taƙaita wurin zuwa wani ɗan da'ira da bai kai faɗin farin wata ba, nesa ba kusa ba, kuma da'irar ta zauna a kan jikin M82.

Yanzu ga lissafi na kusa-kusa da na yi da kaina, kowa yana iya bin sawunsa. Faɗin sama gaba ɗaya ya kai murabba'in digiri kusan 41,000, M82 kuwa ya rufe kusan kashi 1 cikin 100 na murabba'in digiri guda. Ke nan damar a ce walƙiya daga nesa ta faɗa kan M82 bisa dace ita ce kusan 1 cikin miliyan 4.

Malama Rabi:
Ƙanena Bashir, a nan ne zan tsayar da kai, domin wannan fannina ne. Ba a lissafa dace bayan abu ya riga ya faru a ce wurin da ya faɗa shi kaɗai ne abin mamaki. Da walƙiyar ta faɗa kan M81, ko NGC 253, ko M83, da mun yi wannan mamakin iri ɗaya. Wajibi ne ka haɗa dukkan gungayen da ke kusa, sannan ka haɗa dukkan walƙiyoyin da aka gani cikin shekarun da na'urar ta yi tana aiki.

Injiniya Bashir:
Wannan ƙa'ida ce da ba a jayayya da ita, Yaya, sai mu bi ta. Mu ɗauka akwai gungaye 100 masu girman M82 da za mu karɓa a matsayin makusanta, damar ta dawo 1 cikin 40,000 ga kowace walƙiya. Na'urar Fermi tana ganin gajerun walƙiyoyi kusan 40 a shekara, wato kusan 800 cikin shekara 20. Amma IBIS ba ta kallon sama duka, abin da ke gabanta a kowane lokaci bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 ba, saboda haka abin da zai shiga idonta bai wuce 16 ko makamancin haka ba. Idan aka raba, damar ta tsaya a wajen 1 cikin 2,500. Ta ragu ƙwarai daga miliyan 4, amma har yanzu ba wurin da mutum zai jingina ba ne.

Dakta Hauwa:
Ina gaishe ku duka. Ina so in ƙara abin da lissafin nan bai ɗauka ba, wato wane irin gungu ne M82. Ba kowane gungu ne yake da magneta ba. Tauraron nutiron yana samuwa ne idan tauraro mai nauyin rana 8 ko fiye ya ƙare makamashinsa ya fashe, cikinsa ya dunƙule ya zama ƙwallo mai faɗin kilomita kusan 20 amma nauyinsa ya fi na rana. Kaɗan daga cikinsu suna fitowa da maganaɗisu mai ƙarfin da ya ninka na duniyarmu sau tiriliyan ɗari zuwa sama, su ne magneta, kuma Robert Duncan da Christopher Thompson ne suka fara bayyana samuwarsu a 1992. Wannan maganaɗisu ba ya daɗewa, cikin shekara kusan 10,000 yake lafawa. Ma'ana, duk inda aka sami magneta mai rai, to kwanan nan wani babban tauraro ya mutu a wurin, manyan taurari kuwa ba sa yin tsawon rai, don haka wurin dole ya kasance inda ake haifar taurari da yawa a yanzu.

M82 kuwa shi ne shahararren misali na irin wannan wuri a maƙwabtanmu. Jan da maƙwabcinsa M81 ya yi masa ya tura iskar gas zuwa tsakiyarsa, har yana haifar taurari da saurin da ya ninka na gungunmu, wato wanda rana da duniyarmu ke ciki, kusan sau 10. Da a ce tun kafin 2023 an tambayi masana su zaɓi gungaye ƙalilan da suka fi tsammanin ganin fashewar magneta daga cikinsu, da M82 da NGC 253 suna sahun gaba. Saboda haka gungaye 100 da Injiniya ya ɗauka karamci ya yi wa Malama Rabi, waɗanda suka cancanta ba su kai haka ba.

Ban kuma yarda cewa hujjar duk ta rashin gani ce ba. Akwai abin da aka gani aka auna. Idan aka ɗauka walƙiyar daga M82 take, kuzarin da ta fitar ya yi daidai da abin da rana take fitarwa cikin shekara kusan 10,000, kuma wannan adadi ya faɗa cikin iyakar fashewar magneta da muka sani. Da lissafin ya ba da abin da ya wuce ƙarfin magneta da ninki dubbai, da zancen ya mutu nan take.

Alhaji Ɗanlami:
Ku yi haƙuri da dattijo mai koyo. Dakta, kin ce fashewar magneta da muka sani. Guda nawa aka sani, kuma ta yaya aka tabbatar da su, tunda wannan ta M82 ana ta jayayya a kanta?

Dakta Hauwa:
Ranka ya daɗe Baba Alhaji, guda 3 ne waɗanda babu mai jayayya a kansu. Ta farko ranar 5 ga Maris, 1979, daga Babban Gajimaren Magellan, wani ƙaramin gungu da ke maƙwabtaka da namu. Ta biyu ranar 27 ga Agusta, 1998, daga magneta mai suna SGR 1900+14 a cikin gungunmu. Ta uku, wadda ta fi duka ƙarfi, ranar 27 ga Disamba, 2004, daga SGR 1806-20. Duk da nisanta ya kai dubban shekarun haske masu yawa, tsakanin 30,000 da 50,000 bisa ƙiyasi daban-daban, sai da ta cika na'urorin taurarin ɗan'adam har suka kasa auna ta, ta kuma hargitsa saman iskar duniya da ke mayar da igiyoyin rediyo. Wani tauraron ɗan'adam na Rasha ma ya auna ta ne daga hasken da ya bugi wata ya dawo. Cikin ƙasa da sakan guda ta fitar da abin da rana ba ta fitarwa cikin shekara 100,000.

Yadda aka tabbatar da su kuwa, kowacce tana da kashi biyu. Da farko akwai walƙiya mai tsanani ta ɗan ɓangaren sakan, wadda take faruwa idan maganaɗisun da ya murɗe a cikin tauraron ya tsage ɓawonsa, layukan maganaɗisun na waje suka tsinke suka sake haɗuwa. Bayan ita sai wani ragowar haske mai rauni da yake ɗaukar mintuna, domin wani ɓangare na ƙwallon wutar yana maƙale a jikin tauraron, maganaɗisu ya riƙe shi. Yayin da tauraron yake juyawa, hasken yana hawa yana sauka a kan kari: kowane sakan 8 a ta 1979, kowane sakan 5.16 a ta 1998, kowane sakan 7.56 a ta 2004. Wannan hawa da saukar shi ne sa hannun magneta, domin karon taurari ba ya barin abin da zai yi irin wannan bugu a hankali.

Malama Rabi:
To, Dakta, da bakinki kin kawo ni inda nake son zuwa. An ga wannan sa hannun a walƙiyar M82?

Dakta Hauwa:
Ba a gani ba, Malama, kuma ba a yi tsammanin gani ba. Ragowar hasken ya fi walƙiyar farko rauni sosai, M82 kuwa ya fi SGR 1806-20 nisa da ninki ɗaruruwa, wato hasken zai ragu da ninki dubu goma-goma. Integral ba ta da ƙarfin kama shi, na'urorin eksire masu ƙarfi kuma suna buƙatar sa'o'i kafin a juya su, alhali shi cikin mintuna yake mutuwa.

Malama Rabi:
Wannan na fahimta, kuma ba na zargin kowa da sakaci. Amma sakamakonsa shi ne alamar da take raba gardama ba ta hannunmu. Akwai kuma gajerun walƙiyoyi na nesa da aka bi sawunsu ba a sami ragowar haskensu ba, don haka shirun XMM-Newton yana rage ƙarfin bayanin da na kawo ne, bai kashe shi ba.

Malam Sanusi:
Malama Rabi, ina ganin zai taimaka mu ajiye wannan walƙiya kusa da 'yan'uwanta, domin ba ita ce ta farko da aka danganta da wani gungu na waje ba. A 2005 an ga wata ta saitin M81, a farkon 2007 an ga wata ta saitin gungun Andiromeda, kuma a lokacin LIGO ta nuna cewa ba karo aka yi a cikin Andiromeda ba. Sai dai waɗannan an auna wurinsu ne ta hanyar kwatanta lokacin da hasken ya iso na'urori daban-daban da ke warwatse a sararin samaniya, abin da ya ba da fili mai faɗi, Andiromeda kuma gungu ne mai girma a sama, ya ninka faɗin wata sau da yawa, don haka dace yana da sauƙi a kansa. A kan waɗannan biyu shakkarki tana da nauyi sosai.

Ta 15 ga Afrilu, 2020 ta fi su ƙarfi. Na'urori da dama, har da ɗaya da ke kewaya duniyar Mas da wata a jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, sun taƙaita wurinta zuwa tsakiyar NGC 253, mai nisan shekarar haske miliyan 11.4, wanda shi ma gungu ne mai yawan haihuwar taurari. Abin da ya bambanta ta M82 shi ne an san wurinta cikin sakanni, ba bayan sa'o'i ko kwanaki ba, shi ya sa aka samu damar dubawa tun abin yana da ɗumi. Idan duk dace ne, sai a bayyana mana dalilin da ya sa dacen yake ta zaɓar gungaye makusanta masu haifar taurari, yana barin sauran sama.

Musa Ɗalibi:
Malam, idan haka ne, ashe wasu daga cikin gajerun walƙiyoyin da ke cikin kundin Fermi da sauran na'urori ba karon taurari ba ne, magneta ne da ba a gane ba?

Malam Sanusi:
Haka masana suke gani, Musa, kodayake kaso ne kaɗan. Kuma a nan amfanin binciken yake. Magneta da aka sani a gungunmu da maƙwabtansa na kusa kusan 30 ne, manyan fashewa 3 kacal suka bayar cikin shekara kusan 50, wannan kuwa bai isa a gina lissafi a kansa ba. Ba za a san sau nawa magneta guda yake irin wannan fashewa a rayuwarsa ba sai an tattaro misalai daga gungaye da yawa. Ga mai sha'awa kuma, M82 yana ganuwa da ƙaramar na'urar hangen nesa daga Kano ko Damagaram, ta arewacin sama, yana hawa har kusan digiri 30 a daren watannin Fabrairu zuwa Afrilu idan hazo ya yi sauƙi, kodayake ita walƙiyar ba abin da ido zai gani ba ce.

Malama Rabi:
Hujjar maimaituwa a NGC 253 da M82 ta fi duk abin da aka kawo ƙarfi a wurina, Malam, domin ba ta dogara da shiru ba. Ina karɓar cewa magneta a M82 shi ne bayanin da ya fi rinjaye da tazara mai yawa, kuma idan zan koyar da shi haka zan faɗa. Amma ba zan jera shi a layi ɗaya da fashewar 1979 da 1998 da 2004 ba, inda aka san tauraron da sunansa, aka ƙirga juyawarsa, aka kuma ga ƙananan walƙiyoyinsa suna maimaituwa. A M82 har yanzu ba mu da tauraro a hannu, gungu kawai muke da shi.

Injiniya Bashir:
Abubuwa biyu ne za su iya ba mu tauraron, Yaya. Ɗaya shi ne wata walƙiyar ta sake fitowa daga daidai wannan ɗigo na M82, domin karon taurari sau ɗaya yake faruwa, magneta kuwa yana nan bayan fashewarsa. Ɗayan shi ne a samu na'urar eksire da za ta juya cikin minti ɗaya ko biyu ta kama hawa da saukar ragowar hasken a wani gungu makusanci. Ita Integral ba za ta ƙara yi mana wannan aiki ba, an dakatar da binciken kimiyyarta a ƙarshen Fabrairu na 2025 bayan fiye da shekara 22 tana sama. Yanzu ido yana kan Fermi da sauran tsofaffin na'urori, da kuma sababbi biyu da aka harba a 2024, wato Einstein Probe ta Sin a watan Janairu, da SVOM ta haɗin gwiwar Sin da Faransa a watan Yuni.